Dogon Gude da Tsofaffin Shaho

Sunansa na yanka Muhammad Nur, amma ko a gidansu Sajo ake ce masa. A Gwarzo kuwa sai ka ce Dogon Gude sannan a gane wanda kake nufi. Ni a bakin filin ƙwallon kwando na san shi, domin shekara goma sha ɗaya ina zama a teburin da ake rubuta maki duk ranar wasa. Malamin makaranta ne ni, ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga kwando ba, amma ina da agogo mai kyau kuma rubutuna yana karantuwa, shi ya sa suka riƙe ni.

A Gude aka haife shi, ƙasar Kabo. Kakansa makiyayi ne, ubansa ne ya zauna ya kama noma, ya bar 'yan shanu a bayan gida. Da aka kawo Sajo makarantar kwana a Gwarzo, malamin wasanni ya gan shi yana tsinko tsamiya da hannu alhali sauran yara suna jifa da sanda, ya ja shi fili a ranar. Da ya gama makaranta ya sami aiki a wani ɗakin ajiyar taki. Shekara uku ya yi, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, aka rage ma'aikata, sunansa na cikin na farko. Ya koma noma da damina, da rani kuma ya zauna a shagon abokinsa Ja'afar mai walda suna haɗa ƙofofi da tagogi. Daga baya ya auri Ikilima, ƙanwar Ja'afar ɗin, abota ta zama zumunci.

A wannan shago aka kafa ƙungiyar Shaho a 1986. Yawancin waɗanda suka kafa ta mutane ne da aka sallama daga aiki, ba su da abin yi bayan la'asar. Ja'afar ya lanƙwasa rodi ya yi kwanduna biyu, Ya'u tela ya ɗinka riguna, ƙwallo ɗaya suke da ita, in ta fashe a kai ta wajen mai faci. Sajo yana tsayawa ƙarƙashin kwando, Ja'afar yana jifa daga nesa. Sun saba da juna har ta kai Sajo ba ya waiwayawa in zai ba shi ƙwallo. Cikin shekara goma sha huɗu sun ɗauki kofin shiyya sau huɗu, kuma Sajo ne kyaftin, shi ne koci.

Sai dai shekaru ba sa tsayawa. Zuwa farkon 2001, bayan an ƙaddamar da Shari'a, Sajo yana da talatin da takwas, Ja'afar arba'in, mafi ƙanƙanta a cikin biyar ɗin farko talatin da biyar. Ya'u ya sake musu ɗinkin wanduna masu wuce gwiwa don kada a sami abin faɗa, kuma wandunan sun taimaka wajen ɓoye bandejin da kowa ke naɗawa. Mata sun daina zuwa kallo. An fara jin wasu suna cewa bai dace magidanta masu furfura a gemu su riƙa guje-guje bayan ƙwallo ba. Ja'afar in ya ji sai ya ce ai shi bai taɓa rasa jam'i saboda wasa ba, wanda ya gan shi ya rasa ya zo ya faɗa.

A watan Fabrairu abin ya fara. Wata ranar Litinin da hantsi suna cikin aikin wata ƙofa, Ja'afar ya miƙe daga tsugune, ya yi taku biyu, ya zube. Sajo ya yayyafa masa ruwa, ya ɗora shi a babur ya kai shi wani ƙaramin asibiti. Jami'in da ya duba shi ya auna jininsa sau biyu, ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya ce jinin ya hau sosai kuma bugun zuciyar bai yi masa daɗi ba. Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, a daina ɗaukar kaya mai nauyi, gudu kuwa kada ma a yi maganarsa.

A hanyar komawa Ja'afar ya ce a tsaya. Suka tsaya a gindin wata darbejiya.

"Sajo, wannan magana tsakanina da kai ce," in ji shi. "Ko Furera ba zan gaya wa ba. Amana na ba ka."

Furera ita ce matarsa. Sajo ya ce, "To gasar fa? Saura wata guda."

"Gasar ma. Wannan ce ta ƙarshe, na sani. Ka bar ni in gama ta a tsaye."

Sajo bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ce ya riƙe amana, suka hau babur.

Sati uku bayan haka Alhaji Yelwa ya kira taro a rumfarsa ta hatsi. Shi ne uban ƙungiya, motarsa ake shiga in za a je wasa wani gari. Ni ma an kira ni. Bayan an gama gaisawa ya ce samari bakwai daga Kabo sun zo wajensa, babbansu wani Badaruddeen, ɗan shekara ashirin da biyu. Shekara uku suna wasa tare a wani filin makaranta, suna so su shigo Shaho. In ba a karɓe su ba za su yi rajistar tasu ƙungiyar.

"Na je na gan su da idona," in ji Alhaji. "Ba su iya abin da kuka iya ba. Amma minti arba'in suna gudu kamar yanzu suka fara. Ku kuwa bara a Ƙaraye, rabin lokaci na biyu da addu'a muka gama shi."

Dokar gasar ta ce sunaye goma sha biyu kowace ƙungiya za ta miƙa. Shaho tana da tsofaffi tara da wasu matasa uku da ba a cika sa su ba. In za a ɗauki bakwai, dole a ajiye aƙalla huɗu daga tsofaffin. Kowa a rumfar ya yi wannan lissafi a ransa, kowa ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya ci gaba: "Bana da baɗi za a ci mu, na yarda. Shekara ta uku kofin zai dawo, kuma zai zauna. In kuka ƙi, bana wataƙila ku ɗauka, wataƙila ku faɗi, baɗi kuma babu Shaho."

Ja'afar ya ce, "Alhaji, da girmanka. Wa za a ajiye? Ya'u da ya ɗinka rigar farko? Mu ne muka share filin nan da hannunmu. Ba a taɓa cin mu a Gwarzo ba. A bar mu mu yi bana, in mun gama mu miƙa da kanmu, ba a kore mu kamar yadda aka kore mu daga aiki ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ta taɓa mutane da yawa a wurin. Alhaji ya juya wajen Sajo ya ce shi ne koci, shi zai rubuta sunaye, kuma ranar Alhamis ake rufe karɓa. Ranar Lahadi aka yi taron. Na lura Ja'afar bai ɗauke idonsa daga kan Sajo ba har aka tashi.

Kwana huɗun nan Sajo bai ci abincin kirki ba. Shi ya ba ni labarinsu daga baya. In ya bi shawarar Alhaji, sunan Ja'afar ne na farko da ya kamata ya cire, kuma babu wanda zai tambayi dalili, tunda shi ne mafi shekaru. Rufin asiri ya samu, rai ya tsira. Amma Ja'afar zai san dalilin, zai ce an yi amfani da amanarsa an yanke shi. In kuma ya bar tsofaffin, babu yadda zai hana Ja'afar wasa ba tare da ya faɗi abin da ya yi alƙawarin ɓoyewa ba.

Ranar Talata da yamma Ikilima ta ajiye masa tuwo ta zauna daga gefe, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, Furera ta ce Yaya ya hana a sa masa gishiri a miya. Ta ce ta ga wasu ƙwayoyi a aljihun rigarsa. Ka san wani abu?"

"Ki tambaye shi mana."

"Kai nake tambaya."

Ya ce tuwon zai huce. Ta tashi. Daga bakin ƙofa ta ce, "Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ka sani."

Ranar Laraba ya hau babur ya tafi Kabo. Ya sami samarin a fili da rana tsaka, babu takalmin kirki a ƙafar rabinsu. Ya tsaya ya kalle su na kusan sa'a guda. Biyu daga cikinsu 'yan Gude ne, ya san iyayensu. Da suka gama Badaruddeen ya zo ya durƙusa ya gaishe shi. Sajo ya ce zai iya ba su gurbi uku bana, sauran huɗun baɗi.

Badaruddeen ya ce, "Baba, mun gode. Amma mu bakwai muka fara. In na ɗauki biyu na bar huɗu, da wane ido zan kalle su?"

Sajo ya ce da ni wannan amsa ce ta yanke masa hukunci, domin ita ce amsar da shi ma zai bayar. Ranar Alhamis ya miƙa sunayen tsofaffin gaba ɗaya. Kafin ya miƙa ya sami Ja'afar a shago ya gindaya masa sharaɗi: minti biyar a kowane rabi, ba ƙari, kuma in ya ce fito, ya fito. Ja'afar ya ce ya yarda. Alhaji Yelwa da ya ji bai yi faɗa ba. Ya ce motarsa tana nan har a gama gasar bana, daga nan kuma a nemi wani uban ƙungiya.

Aka shiga gasa. Shaho ta ci wasa uku a jere, ba da gudu ba, da dabara. Suna riƙe ƙwallo, suna jan lokaci, suna sa abokan karawa su gaji da jira su yi kuskure. Ja'afar yana shiga minti biyar ɗinsa ya jefa uku ko huɗu ya fito. Mutane suka fara tambayar me ya sa ake ɓoye shi, Sajo ya ce ajiye shi yake don wasan ƙarshe. Wannan ƙarya ce ta zo ta tsaya masa a wuya. A ɗaya ɓangaren kuma samarin Kabo, da suka yi rajistar tasu ƙungiyar, suna ta cin kowa da tazara mai yawa.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar wata Asabar a watan Afrilu, a filinmu na Gwarzo, bayan la'asar. Zafin ranar har simintin filin yana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ban taɓa ganin taro irin wannan a wurin ba. Mutanen Kabo sun zo a motoci uku, 'yan Kutama da Dugabau a kan kekuna, 'yan Hisba huɗu suna tsaye suna tsare layi don kada a shigo fili.

Rabin farko ya yi mana kyau. Ja'afar ya shiga a minti na goma, ya jefa huɗu daga nesa duk suka shiga. Da Sajo ya fitar da shi taro ya yi gunaguni. Ja'afar ya zo ya zauna a benci kusa da teburina, na ji numfashinsa. Leɓunansa sun yi fari, kuma da ya ɗauki kofin ruwa sai ya kuɓuce masa, ruwan ya zube a cinyarsa. Ya ga na gani, ya kawar da kai. A lokacin ban san komai ba, na ɗauka zafi ne. Aka tafi hutu muna gaba da maki shida.

Sajo ma ya gani. Da aka dawo bai sa shi ba. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Ƙafafun tsofaffin suka fara nauyi. Badaruddeen yana karɓe ƙwallo ya kai kwando kafin namu su juyo. Shidan nan ta narke, suka kamo mu, suka wuce da uku. Saura minti shida Ya'u ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar wani, idon sawunsa ya gurɗe, aka ɗauke shi a hannu.

Sai taro ya fara kiran sunan Ja'afar. Daga kusurwa ɗaya aka fara, ya zagaye filin duka.

Ja'afar ya miƙe ya cire rigar sama, ya zo gabana ya dafa tebur.

"Malam, canji. Ni zan shiga maimakon Ya'u."

Na ce koci ne ke neman canji. Ya ce in rubuta kawai. Kafin in ba shi amsa Sajo ya iso daga cikin fili, gumi yana zuba daga gemunsa. Alƙalin wasa ya biyo shi, domin wasa a tsaye yake ana jiran wanda zai shiga.

"Lukuman ne zai shiga," in ji Sajo, yana nuna ɗaya daga cikin matasa ukun nan a benci.

"Lukuman bai jefa ko ɗaya ba tun da aka fara gasar nan," in ji Ja'afar. "Ina da minti biyar, kai ka faɗa."

"Na fasa. Koma ka zauna."

"Ba zan zauna ba. Minti shida ne, Sajo. Shekara goma sha biyar, minti shida suka rage."

Suna magana ƙasa-ƙasa, amma waɗanda ke bayan teburin sun fara matsowa. Alƙali ya duba agogonsa ya ce a yanke. Ja'afar ya juya ya taka layin fili da ƙafa ɗaya. Sajo ya riƙe masa hannu, Ja'afar ya fizge. Wani daga cikin taro ya ce ko koci ya sayar da wasan ne ga mutanen garinsu, tunda shi ma ɗan ƙasar Kabo ne. Wasu suka ɗauka. Na ga fuskar Sajo ta canza, na ga yana neman wata hanya bai samu ba.

Sai ya juya wajen alƙali ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Mutumin nan ba shi da lafiya. Zuciyarsa ce. Ni na kai shi asibiti, an hana shi gudu. In ya shiga ya faɗi, kai da ni za mu amsa."

Wurin ya yi tsit daga teburin zuwa baya, kamar ana zuba ruwa a wuta. Ja'afar ya tsaya da ƙafarsa a kan layi. Bai yi faɗa ba. Ya kalli Sajo ya ce, "Amanar ke nan." Ya ɗauki rigarsa a benci, ya ratsa taro ya fita, mutane suna ba shi hanya.

Lukuman ya shiga. Sajo ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba, shi kaɗai ya jefa uku a jere, amma bai isa ba. Kabo ta ci hamsin da takwas da arba'in da tara. Shi ne karo na farko da aka ci Shaho a gida. Da aka busa tashi Badaruddeen bai yi murna a gaban Sajo ba, ya zo ya gaishe shi da hannu biyu. Sajo ya ce Allah ya sanya alheri, ya je ya ɗauki Ya'u a babur ya kai shi wajen mai ɗori.

Garin ya rabu biyu a kan maganar. Wasu suka ce da an bar Ja'afar ya shiga da kofin ya zauna, kuma mutum ya fi kowa sanin jikinsa. Wasu suka ce Sajo ya ceci rai. Wani malami a unguwarmu da aka tambaye shi ya ce tsare rai yana gaba da tsare sirri, amma da an faɗa a ɗaki da ya fi. Furera ta zo gidan Sajo washegari, ta zauna da Ikilima suka yi kuka, ta ce a gaya wa Sajo ta gode. Ikilima kuwa ta yi sati ba ta yi wa mijinta doguwar magana ba, ba don ya faɗa ba, don ya yi wata biyu bai faɗa mata ba.

Ja'afar ya daina yi wa Sajo magana. In sun haɗu a masallaci sallama ce kawai. Sajo ya bar zuwa shago, ranin shekarar da na mai bi mata ya yi su yana dakon buhuna a kasuwa da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa.

Tsofaffin suka ajiye wasa ɗaya bayan ɗaya. Samarin Kabo ba sa bukatar Shaho kuma. Sajo ya bi makarantu da ƙauyuka ya tattaro yara masu tsayi waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallo ba, ya fara da su daga tushe. Shekara biyu ba su ci wasa ko ɗaya ba, a motar haya suke zuwa. A ta uku suka kai wasan kusa da na ƙarshe, sai biyu mafi ƙwarewa suka tafi Kano neman abin yi. Shaho ba ta sake ɗaukar kofi ba, a 2006 ta watse. Ƙungiyar Kabo ma ba ta daɗe sosai a bayanta ba.

Wata goma sha huɗu bayan wasan nan Ja'afar ya aiko Ya'u ya ce an ba shi aikin ƙofofin wani masallaci, shi kuma an hana shi ɗaukar ƙarfe, in Sajo yana da hali ya zo. Sajo ya je washegari da sassafe. Suka gaisa, aka nuna masa awo, ya kama aiki. Sun yi shekara bakwai tare bayan haka, kuma Sajo ya ce ko sau ɗaya ba su ta da maganar ba. Ja'afar ya rasu a gidansa a 2009, bayan jinyar kwana tara. Sajo ne ya yi masa wanka.

Na taɓa tambayarsa ko yana ganin da ya bi shawarar Alhaji Yelwa. Ya ce bai san abin da zai faru da ƙungiyar ba, wataƙila da ta ƙara shekara biyar, wataƙila a'a. Abin da ya sani shi ne ya ji tsoron ɓata wa abokinsa rai a ɗaki, sai ya ɓata masa a gaban gari.

Yanzu ya koma Gude da iyalinsa. Yana kiwon raguna yana sayarwa da layya, yana tafiya da sanda. 'Yarsa Zinnira tana aikin jinya a Gwarzo, ita ke kai masa maganin gwiwa duk ƙarshen wata.